Yadda na mayar da rautata kan tsohuwar famwaya saboda yankewar murya

Ina koyar da karatun Alƙur'ani ta waya daga nan Garwa, yawancin ɗaliban 'ya'yan 'yan uwa ne da na abokan arziki da suka koma Duwala da Yawunde da Injamena, akwai kuma 'yan kaɗan a Faransa da iyayensu ke tsoron kada su tashi ba su iya Fatiha daidai ba. Kiran murya na WhatsApp muke yi, ba bidiyo, don forfe, wato datar da nake saye, ya fi daɗewa kuma ni kunne ne aikina. Rautar da nake amfani da ita, wato na'urar da ke raba intanet ta wifi a gida, irin mai cin sim ce, 4G, tana rataye a bangon zaure kusa da taga, kuma ta daɗe tana min aiki lafiya lau ban taɓa tunaninta ba.

Kawai sai murya ta fara lalacewa. Ba wai kiran ya katse gaba ɗaya ba, da ma haka ne da sauƙi, sai ka sake kira. A'a, yaro yana cikin karatu sai harafi ya ɓace, ko muryarsa ta ja ta yi tsawo, ko kalmomi biyu su zo a guje a haɗe. Wanda hira kawai yake yi da abokinsa zai iya haƙuri da wannan, amma a karatu wallahi babbar matsala ce, domin ni abin da nake saurara shi ne tsawon madda, da gunna, da bambancin dadi da za'un, to idan na ji wasali ya ja ta yaya zan san yaron ne ya ja inda ba a ja ko kuwa layi ne ya ja masa? Sai in tsayar da shi in ce sake, ya sake daidai, in ji a muryarsa ransa ya sosu don shi ya san bai yi kuskure ba. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin, yaro ƙarami ana ce masa ya yi kure alhali bai yi ba.

Kowa na faɗa wa sai ya ce rezo ne Malam, wato sabis ɗin kamfanin waya, ka san rezon arewa. Ni ma na san rezon arewa, amma na san yadda lalacewarsa take, da yamma ne bayan magariba lokacin da kowa ya hau waya. Wannan kuwa har da asuba yana yi, lokacin da gari ke barci. Kuma wani abu da na lura da shi, da na buɗe shafin saitin rautar a waya sai na ga launinsa da tsarinsa sun canja, ba yadda na saba gani ba, a ƙasa an rubuta wata sabuwar lambar famwaya, manhajar da ke tafiyar da rautar daga ciki, da kwanan wata na kusa. Wato ta yi wa kanta mizajur, ta sabunta famwayarta cikin dare, ita kaɗai, don akwai wani maɓalli na sabuntawa kai tsaye da ya zo a kunne.

Ɗan wana yana gyaran waya da kwamfuta a kasuwa, shi na kira. Ya ce Baffa kada mu yi wa famwaya sharri tukuna, bari mu gwada mu gani da idonmu. Na ji daɗin wannan magana tasa, kuma duk wanda zai bi hanyar da na bi ina roƙonsa ya tsaya a nan sosai kafin ya taɓa komai, domin mayar da famwaya baya aiki ne mai hatsari, ba a yinsa a kan zato.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Muka cire sim ɗin daga rauta muka saka a wayata, a zaune a wuri ɗaya, muka kira wani ɗalibi a Duwala. Murya garau. Muka mayar da sim cikin rauta, waya ta hau wifi, muka sake kira, yankewa ta dawo. Sim ɗaya, eriyar kamfani ɗaya, lokaci ɗaya, to ba rezo ba ne. Gwaji na biyu shi ya zo da laftof ɗinsa, ya buɗe baƙin allon nan na umarni ya rubuta ping da adireshin rautar, tawa 192.168.1.1 ne, wasu kuma 192.168.0.1, yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashinta. Wannan umarnin saƙo yake aika wa rauta ya auna tsawon lokacin da amsa ke ɗauka. A ɗaki ɗaya da rauta ya kamata ka ga 'yan milisakan kaɗan, suna bin juna daidai. Mu kuwa sai mu ga layi-layi masu kyau, can sai ɗaya ya yi tsalle ya kai ɗaruruwa, can kuma ya ce babu amsa sam. Da ya jona kebul tsakanin laftof da rauta ya kashe wifi, sai lambobin suka kwanta lif ba ko motsi. Ka ga ke nan ciwon yana tsakanin waya da rauta ne, a ɓangaren wifi, bai ma kai ga fita waje ba.

A nan ya yi min bayanin da ya sa na fahimci abin da kunnena ke ji. Murya a intanet ba a dunƙule take tafiya ba, yayyanka ta ake yi ƙanana-ƙanana, a tsarin da aka fi sabawa kowane yanki milisakan 20 ne, wato guda 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma ana tura su ta hanyar da ake kira UDP wadda idan yanki ya ɓace ba a tsayawa a sake aiko shi, don ko an aiko lokacinsa ya wuce. Kamar motoci ne a kan gadar Binuwai, in suna tafiya a jere kowa zai haye a kan kari, in ɗaya ta tsaya a tsakiya sai na baya su taru, da an buɗe kuma su kwararo gaba ɗaya. To manhajar kira ba ta son ka ji shiru, sai ta cike gurbin da jan sautin da ya gabata, in yankunan da suka makara suka iso tare kuma sai ta gaggauta su don ta kamo lokaci. Shi ya sa nake jin madda inda babu madda. Shi ya sa kuma kallon YouTube bai nuna min komai ba, bidiyo yana tara na gaba ya ajiye kafin ka kai wurin, kira kuwa ba shi da wannan damar. Har ma ya ce hukumar sadarwa ta duniya ITU tana da ma'auni mai suna G.114 da ke cewa jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya fi kyau kada ya wuce milisakan 150, to in rautar da ke ɗakinka ita kaɗai ta cinye fiye da haka me ya rage wa hanyar Garwa zuwa Faransa?

Kafin mu kai ga mayar da ita baya mun bi ƙananan gyare-gyare duka, kuma ina ganin dole ne a bi su. Sabuwar famwayar ta haɗe wifi na 2.4 da na 5 GHz a suna ɗaya tana jefa waya daga wannan zuwa wancan yadda ta ga dama, muka raba su kowanne da sunansa. Muka sauya kanal, wato layin da wifi ke bi, na 2.4 tsakanin 1 da 6 da 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna. Muka duba WMM, shi ne ke ba murya fifiko a kan sauran kaya a wifi, yana kunne. Muka kashe QoS, mai tsara wane kaya zai fara wucewa, muka kunna. Akwai wani SIP ALG da za ka ji ana ta cewa a kashe shi in murya na matsala, gaskiya ne amma ga masu wayar tebur ta ofis da ke bin tsarin SIP ta ƙofa 5060, irin waɗanda kai kana jin mutum shi ba ya jinka. Kiran WhatsApp ba ta nan yake bi ba, mun dai kashe shi ba abin da ya canja. Daga ƙarshe muka yi mata risat ta koma yadda take daga kamfani a kan sabuwar famwayar, an ɗan samu sauƙi na wani lokaci, sai tsallen ping ya dawo. Lokacin ne ɗan wana ya ce to Baffa yanzu kam sai mu koma baya.

Wurin da ya fi ɗaukar mana hankali shi ne neman fayil ɗin da ya dace. Ka kifa rautar ka karanta takardar ƙarƙashi da kyau, sunan samfuri kaɗai bai isa ba, akwai lambar zubin ƙarfen kanta, za ka ga an rubuta V1 ko V2 ko V3, sannan akwai yankin da aka yi ta dominsa, EU ko US da sauransu. Rauta biyu za su iya zama suna ɗaya, kwali ɗaya, amma kayan cikinsu daban, kuma in ka ɗora wa V2 famwayar V3 tana iya mutuwa murus. A nan wajenmu wannan ya fi muhimmanci, don kayanmu daga ko'ina suke shigowa, wani daga Duwala, wani ta Najeriya, wani Dubai, wani ɗan uwa ne ya riƙo daga Faransa, ba za ka ce tawa irin ta maƙwabcina ce ba don kawai sun yi kama. Ko a kanal akwai bambanci, ta Turai tana kaiwa 13 ta Amurka 11 take tsayawa. Sannan in kamfanin waya ne ya sayar maka da rautar da tambarinsa a jiki, yawanci famwayarsu ta musamman ce, ta shafin maƙerin ba lalle ta shiga ba, gara ka je wurinsu.

Daga shafin kamfanin da ya ƙera ta kaɗai muka sauke. A guruf-guruf na masu gyara ana ta yawo da fayiloli, ɗan wana ya ce ko kyauta ba ya so, don ba ka san wa ya taɓa su ba, kuma rauta ce ƙofar duk abin da ke shiga wayoyin gidanka. A shafin akwai jerin tsofaffin famwaya kowacce da kwanan watanta da ɗan bayanin abin da aka gyara a cikinta. Ku karanta wannan bayanin don Allah. Wani lokaci suna rubutawa ƙarara cewa in ka hau wannan ba ka iya komawa ta baya, in ka ga haka to ka tsaya, kada ka tilasta. Mu ba mu zaɓi mafi tsufa ba, mun ɗauki wadda take daf da sabuwar, wato wadda nake kai lokacin da komai ke lafiya. Muka sauke har da sabuwar muka ajiye a gefe ko da za a buƙaci dawowa. Fayil ɗin a zip yake zuwa, sai ka kwance shi, na ciki mai ƙarewa da .bin shi ake ɗorawa. Ka tabbata saukewar ta kammala, girman fayil ya yi daidai da abin da shafin ya faɗa, domin da rezo irin namu abu yana iya tsayawa rabi ya yi kamar ya gama.

Sai rubuta saiti. Na ɗauki hoton kowane shafi da waya, sunan wifi, kalmar sirri, lambar PIN ta sim, musamman APN wanda in babu shi sim ba zai ba da intanet ba. Rautar tana da wurin adana saiti a fayil ɗaya, mun adana, amma ɗan wana ya ja kunnena cewa ba za mu mayar da wannan fayil a kan tsohuwar famwaya ba, don sabuwa ce ta rubuta shi, akwai abubuwa a ciki da tsohuwar ba ta sani ba, kana iya kwaso ciwon da ka gudu ka dawo da shi. Da hannu za mu sake komai.

Babban tsorona kuran ne, wato wutar lantarki. Duk ɗan Garwa ya san wutarmu ta arewa mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, ba ka da tabbas ɗin minti biyar masu zuwa. Ita kuwa rauta lokacin da take rubuta famwaya tana goge tsohon abin da ke ƙwaƙwalwarta ne tana zuba wani, in wuta ta ɗauke a tsakiya ba ta da na da ba ta da na yanzu, ka kunna fitila ɗaya ta tsaya tana kallonka shi ke nan. Don haka ba mu yarda da soket ɗin bango ba sam. Muka duba jikin adaftarta, 12V aka rubuta, ya zo da ƙaramar ondila, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, irin ta rauta mai fitar da 12V cike da caji, muka tabbatar bakin ya yi daidai kuma amfiyarta ba ta gaza abin da adaftar ta rubuta ba. Wanda ke da sola da batir a gida shi ma ya wadatar in dai batirin a cike yake. Laftof ma a cike. Da hantsi muka yi, kafin zafin nan namu da ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu ya sauko, don ita ma na'urar tana ɗaukar zafi.

Aikin kansa gajere ne. Kebul daga laftof zuwa ramin LAN na rauta, wifi na laftof a kashe, na ce wa mutanen gida kowa ya sauka daga wifi. Ba a yin wannan ta wifi, ballantana wifin da shi ne ma ke ciwo. Muka shiga shafin saiti, wurin sabunta famwaya da hannu, muka zaɓi fayil ɗin .bin, ta yi gargaɗi cewa wannan ya girmi wanda ke kai, muka amince. Sandar ta fara cika a hankali. Ya ce Baffa ko ta tsaya kamar ta maƙale kada ka taɓa, kada ka rufe shafin, kada ka ja kebul. Ta kai wani wuri ta tsaya ɗin kuwa, fitilu suka mutu, zuciyata ta buga, ina ta salati a raina, can sai suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Duka 'yan mintuna ne. Ya riga ya shirya hanyar ceto ko da ta ƙi tashi, rautoci da dama suna da yanayin farfaɗowa da ake tura musu famwaya ta TFTP da kebul, amma yadda ake shiga ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, sai ka nemi na taka tun kafin ka fara ka ajiye a waya, don in ta mutu ba ka da intanet ɗin nema. Alhamdulillahi ba mu kai ga nan ba.

Da ta tashi muka soka tsinke a ramin risat muka danne kamar daƙiƙa 10 har fitilu suka yi ƙifta, don ta manta da duk ragowar saitin sabuwar. Shafin ya fara fitowa a hargitse, ashe burauza ce ta riƙe tsohon hoto, da muka share ma'ajiyarta ya daidaita. Muka duba lambar famwaya, ta koma wadda muke so. Muka saka APN da PIN, muka ba 2.4 da 5 suna daban-daban, sabuwar kalmar sirri ta shiga saiti ba wadda ta zo da ita ba, tsaro a WPA2 mai AES. Sannan abin da in ka manta da shi duk wahalarka ta tashi a banza, muka kashe sabuntawa kai tsaye, in ba haka ba daren nan za ta sake hawa wadda ka gudu.

Ya sake buga ping ta wifi muka zuba masa ido tsawon lokaci, lambobi ƙanana suna bin juna ba tsalle. Da la'asar na kira ɗalibina na Injamena, na zaɓar masa wurin da madda ta yi yawa da gangan, ya karanta shafi guda ban tsayar da shi ba sai wuri ɗaya da shi ne da kansa ya gajarta, na gyara masa da natsuwa don na tabbata abin da na ji shi ne abin da ya fito daga bakinsa.

Sai dai ban ɗauki wannan a matsayin gyara na har abada ba, kuma ba na son kowa ya ɗauka haka. Sabuwar famwaya ba ado kaɗai take kawowa ba, sau da yawa tana toshe ramukan tsaro ne. A 2017 an gano wata ɓaraka a WPA2 da aka sa wa suna KRACK wadda ta shafi na'urorin wifi ko'ina a duniya, kuma ta hanyar sabuntawa aka toshe ta. Wanda ya koma famwayar shekaru da yawa baya yana iya buɗe irin waɗannan ƙofofi da hannunsa, shi ya sa muka ja da baya taki ɗaya tak. Don rage hatsari mun kashe WPS mai haɗa waya da wifi ba tare da kalmar sirri ba, mun kashe shiga saiti daga waje ta intanet, mun kashe UPnP mai barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa a rauta tunda ba abin da nake yi da shi, kuma kira bai nuna wata damuwa da hakan ba. Ɗan wana ya rubuta wa sashen taimako na kamfanin da Faransanci, ya faɗi samfuri da lambar zubi da lambobin famwaya biyun, ya haɗa da hoton ping na kafin da na bayan, domin in ba a faɗa musu ba ba za su san akwai matsala ba. Lokaci-lokaci yana leƙa shafinsu, in sun fitar da wata da bayaninta ya ambaci gyaran wifi za mu gwada ta da ondila da kebul kamar yadda muka yi, tsohon fayil ɗin kuma yana nan a kile, wato filashin USB, da kuma cikin laftof ɗinsa.

Cunkoson bayan magariba kuwa yana nan yadda yake, wannan na rezo ne da gaske kuma babu famwayar da za ta taɓa shi. Na mayar da masu hadda zuwa bayan asuba da hantsi, 'yan Injamena da Duwala agogonmu ɗaya ba wahala, 'yan Faransa ne in sun shiga lokacin bazararsu suke gaba da mu da awa ɗaya, sai na ba su ranakun Asabar da Lahadi da safe.